Sarber ya ce diski ya cika, bayan ɗaukewar wuta kuma ya ƙi tashi: kar ka yi saurin buga fsck -y

Wa alaikumus salam ƙanena, sannu da aiki. Na karanta abin da ka rubuto, bari in maimaita a taƙaice don in tabbata na gane. Sarber ne na Ubuntu a biron wani shagon sari nan cikin Maradi, lojisiyel ɗin stok da faktir shina kanshi tare da MySQL. Kwanakin baya ya hwara cewa "No space left on device", ka samu wani ƙaton log, fishiyen da mashin ke rubuta abin da ke hwaruwa cikinshi, ka goge amma df, kwamand ɗin da ke nuna cikar diski, bai motsa daga 100% ba, sannan jiya anka ɗauke wuta ondiler bai riƙe ba, da mashin ɗin ya tashi sai ya tsaya kan baƙin ekaran mai rubutun initramfs shina cewa a yi fsck da hannu, wato kwamand ɗin duba tsarin diski da gyaranshi. Kana tambaya ko ka buga fsck -y kamar yadda wani ya ce maka, ko kuwa ka formate ka sake enstale komi.

Ko ɗaya kar ka yi tukuna. Ka kashe shi ka bar shi a kashe har ka gama karanta wanga, kuma ka ce ma maigidan yau a rubuta faktir da hannu, don in kana aiki shina tsaye bisa kanka shina tambayar yaushe za a gama to nan ne ake buga abin da ba ya komowa.

Ga abin da ya sa nike cewa haka. ext4, wanda shi ne tsarin da Ubuntu ke shimhiɗa ma diski, shina da jurnal, wato kahin ya taɓa tsarin ajiyar fishiyoyi sai ya rubuta a gehe abin da za shi yi, in wuta ta tahi a tsakiyar aiki idan ya tashi sai ya duba jurnal ɗin ya ƙarasa ko ya yar da rabin aikin, cikin ƴan sakanni ba tare da ka ma sani ba. Mu da ake ɗauke ma wuta kullum, da ɗaukewa kaɗai na lalata ext4 da babu sarber ɗin da zai kai wata guda a garin nan. To in ka ga ya tsaya ya ce shi ba zai gyara da kanshi ba sai mutum ya sa hannu, ni abin da nike hwara zargi shi ne ƙarhen: ko diskin ya hwara mutuwa, ko wayar SATA, ko ram, ko kuwa diskin ya ce ya rubuta abu alhali shina riƙe da shi cikin ƙaramar memwar ɗinshi wuta ta tahi da shi. Cikar diski ita kaɗai ba ta lalata tsarin ext4, abin da take lalatawa shi ne aikin lojisiyel, fishiye ya hito da girman sihiri (0), baz ɗin MySQL ta tsaya cik da rubutu. Amma akwai inda abubuwan biyu ke haɗuwa kuma shi ya hi damuna: wane log ne ka goge? In syslog ne ko kern.log, to mi ya kumbura shi haka? Diskin da ke ciwo kan sa kernel ya yi ta rubuta layin I/O error ba tsayawa, har log ɗin ya cinye wurin. In haka ne, cikar da lalacewar duk uwa ɗaya ta haihe su, kuma diskin ya daɗe shina kuka.

Ka samo kile USB ka sa mishi SystemRescue, wato Linux na gyara da ke tashi daga kile, ko Ubuntu na gwaji in shi gare ka, amma na hi son SystemRescue don smartctl mai duba lahiyar diski da ddrescue mai ɗaukar kohinshi suna ciki tun asali ba sai ka nemi rezo ba. Ka samo diski na biyu wanda girmanshi ya kai na sarber ɗin ko ya hi, da wani kile ƙarami na daban, zan hwaɗa maka amhwaninshi. Ka tada mashin daga kile ɗin ka buga

lsblk -o NAME,SIZE,FSTYPE,MODEL,SERIAL

ka rubuta a takarda wane ne sda wane ne sdb tare da lambar serin kowane, don sunayen na iya juyawa daga tashi zuwa tashi. Sannan

smartctl -a /dev/sda

Sama za ka ga kalmar PASSED, kar ta ruɗe ka, diski na iya cewa PASSED shina gab da mutuwa. Ka sauka kan tablo ɗin ka duba lambar ƙarshe ta kowane layi. Layin da ke da lamba 5 a hwarkonshi shi ne Reallocated_Sector_Ct, wuraren da sunka mutu diskin ya musanya su da na ajiya. Layi na 197, Current_Pending_Sector, wuraren da ya yi ƙoƙarin karantawa ya kasa kuma bai musanya ba tukuna, wanga shi ne mai tada hankali don akwai bayanan wani a kwance cikinsu. Na 198 ɗan'uwanshi ne. In 197 ko 198 sun wuce sihiri, ko 5 na ƙaruwa, to diskin nan aikinshi ya ƙare a sarber ko da ya yi kamar ya warke. Layi na 199 kuwa, UDMA_CRC_Error_Count, shi ba laihin diski ba ne galibi, waya ce ko bakin da take shiga, ka canza wayar SATA ka hure ƙurar. Ka duba na 9 ma, awoyin da diskin ya yi a kunne, don da yawa diskokin da ke shigo muna kasuwa okaziyo ne an goge an sa cikin leda, shekara guda awa 8760 ce, ka raba ka ga shekarunshi na gaskiya. In diskin irin NVMe ne tablo ɗin daban ne, ka nemi Percentage Used da Media and Data Integrity Errors. Ka buga dmesg ma ka ga ko a yanzu haka shina zubo I/O error.

In ka ga alamun mutuwa, kar ka yi gwajin nan mai tsawo na smartctl, kar ka yi fsck, kar ma ka tsaya buɗe dosiyoyi kana leƙe, duk karatun da ka sa shi yi daga cikin sauran ƙarhinshi kake ci. Kohi kawai:

ddrescue -f -n /dev/sda /dev/sdb /mnt/kile/taswira.map

Na hwarko shi ne marar lahiya, na biyu shi ne sabon da za a shahe gaba ɗaya, ka duba takardarka sau biyu kahin ka taɓa antire don in ka juya su babu mai iya ceto ka. Dalilin da ya sa ddrescue ya hi dd ko cp shi ne in ya iske wuri mai wuya ba ya tsayawa kokawa da shi, tsallakewa yake ya kwashe mai kyau duka tukuna sannan ya komo. Fishiyen taswirar nan kuwa shi ke riƙe da inda anka tsaya, in wuta ta tahi a tsakiya ka sake buga kwamand ɗin daidai yadda take ya ci gaba daga nan. Shi ya sa na ce kile na daban, shi ne za ka monte kan /mnt/kile kahin ka buga kwamand ɗin: tsarin da ka tada daga USB cikin ram yake zaune, in ka aje taswirar can wuta na tahiya ta tahi da ita sai ka koma hwarko, kuma diski mai ciwo ba kullum yake ba da dama ta biyu ba. Idan zagayen hwarko ya ƙare ka sake bugawa da -d -r3 a madadin -n don shi gwada wuraren da ya tsallake sau uku. Aikin na iya cin wuni ko ya kwana, in da hali ka kai mashin ɗin inda ke da sola ko gurup mai tsayawa, ka sa mishi fanka. In ya gama ka cire tsohon diskin daga mashin kwata-kwata kahin ka ci gaba, don su biyun yanzu lambobin shaidarsu iri ɗaya ne, LVM, tsarin da ke yanka diski kashi-kashi, na rikicewa in ya ga tagwaye. Duk abin da zan hwaɗa nan gaba kan kohin za ka yi shi.

In kuwa smartctl ya hito tsab, dmesg shiru, to alhamdu lillahi amma har yanzu kohi ne gaba da gyara. In an bi zaɓin da enstalasiyon Ubuntu Server ke kawowa, tushen na cikin LVM, ka buga vgchange -ay za ka gan shi a /dev/ubuntu-vg/ubuntu-lv. Ka monte shi don karatu kaɗai:

mount -o ro,noload /dev/ubuntu-vg/ubuntu-lv /mnt/tsoho

noload ɗin na hana shi taɓa jurnal, don ext4 ko ka ce ro kaɗai shina iya yin rubutu wajen ƙarasa jurnal. Ka kwashe /var/lib/mysql dukanshi ba zaɓe, da /etc, da /var/www ko /opt duk inda lojisiyel ɗin yake, da /home, da rsync -aHAX zuwa diski na biyu. In wuri ya isa ma ka ɗauki hoton diskin gaba ɗaya da ddrescue, ya hi kwanciyar hankali.

Sai fsck. Ka demonte tukuna, wanga ba abin sassauci ba ne, fsck kan partisiyon da ke monte ana rubutu kanta shi da kanshi lalatawa yake. Ka hwara da dubawa ba gyara:

e2fsck -fn /dev/ubuntu-vg/ubuntu-lv

n ɗin na nuhin amsar kowace tambaya a'a, ba ya rubuta komi. Ka karanta abin da ya hito. In ƴan layuka ne irin su "Free blocks count wrong" ko maganar orphan, ƙaramin abu ne, lissahi ne ya kauce. In ko ekaran na ta gudu da "Multiply-claimed blocks" da "illegal block" da dosiyoyin da anka rasa uwarsu, to ɓarnar babba ce, ka tsaya ka tabbata hoton diskin na hannunka. Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne fsck ba bayananka ne damuwarshi ba, damuwarshi tsarin ya daidaita. In ya iske fishiyen da bai gane kanshi ba zai tambaye ka ko shi share, -y kuwa ka riga ka ce mishi i ga duk abin da zai tambaya tun kahin ka ji tambayar, kuma wanga fishiyen na iya zama teburin bashin kilayan shagon. Ba wai -y haramun ba ne, in tambayoyin sun kai dubu babu mai zama shina danna y ɗaya ɗaya, ni ma ina amhwani da shi, amma sai bayan kohi. In kana da shi sai ka buga e2fsck -fy, in ya gama ka sake e2fsck -f har sai ya wuce matakanshi biyar bai ce komi ba.

Abin da ya tsinto bai san mazauninshi ba zai zuba shi cikin lost+found a tushen partisiyon, babu suna sai lamba da alamar # a gaba. Kar ka raina wurin nan. Ka shiga ka buga file * zai hwaɗa maka wanga PDF ne, wanga hoto ne, wanga rubutu ne, wani lokaci dosiye guda ne cur da duk kayan cikinshi da sunayensu, sunan shi kanshi kaɗai ya ɓata.

In e2fsck ya ce "Bad magic number in super-block", hwarko ka tabbata ba diskin gaba ɗaya ko partisiyon LVM ɗin ka nuna mishi ba a madadin ubuntu-lv, don wanga kuskuren ma saƙon da yake badawa kenan. In daidai ka nuna, ext4 na aje kohin superblock, wato bulok ɗin da ke riƙe da bayanin tsarin partisiyon, a wurare da yawa, ga masu bulok na 4k akwai a 32768, da 98304, da 163840, sai ka ce e2fsck -b 32768 sannan sunan partisiyon. Za ka ga wasu na cewa a buga mke2fs -n don ganin lambobin, gaskiya ne shina nunawa, amma in yatsanka ya tsallake n ɗin nan ka formate kenan, ka gwada lambobin da na ba ka tukuna. In kuma wata rana ka haɗu da sarber na dangin Red Hat, su XFS ne zaɓinsu tun RHEL 7 a 2014, can fsck ba ya yin komi, xfs_repair ake amhwani da shi, a hwara da -n, kuma -L ɗinshi yar da jurnal yake yi, ba a taɓa shi sai an gwada monte da demonte an kasa.

Mashin ya tashi ba shi ne an gama ba, saura baz. Ka buɗe /var/log/mysql/error.log ka karanta. InnoDB, injin ajiyar MySQL, na da nashi jurnal ɗin, galibi shi ma da kanshi yake murmurewa. In ya ƙi tashi shina maganar shahi ya lalace, akwai innodb_force_recovery da ake sawa cikin konfig, daga 1 zuwa 6. Ka hwara da 1, in bai tashi ba 2, sannan 3, da ya tashi ka yi mysqldump na komi nan take, ka cire layin, ka gina baz sabuwa ka zuba. Daga 4 zuwa sama na iya lalata bayanan har abada, kar ka hau can sai kan kohi. Sannan ka sa mai kula da kes ya duba faktir ɗin ranar da wuta ta tahi da na jajibirinta ya gwada da takardun hannu, shi ya san abin da ya kamata ya gani, kai ba ka sani ba.

To yanzu maganar wuri. Log ɗin da ka goge df bai motsa ba, dalili shi ne a Linux rm suna kaɗai yake cirewa, in akwai program ɗin da ke riƙe da fishiyen a buɗe to wurin na nan a kame har sai ya sake shi, kuma shina ci gaba da rubutu cikin abin da kai ba ka gani. Tunda mashin ya mutu jiya wanga wurin zai komo da kanshi idan ya tashi, amma za ka sake haɗuwa da irinta, don haka ka riƙe: lsof +L1 na nuna fishiyoyin da anka goge amma ana riƙe da su, da girmansu da mai riƙon, sai ka redemare wanga sarbis ɗin kaɗai, misali systemctl restart rsyslog. Gaba kuma kar ka goge log mai rai, ka zubar da cikinshi da truncate -s 0 sannan sunanshi, wurin na komowa nan take. Kuma kahin ka zubar ka buga tail -n 100 ka karanta, log ba ya kumbura banza, wani abu ne ke maimaita kuka ɗaya.

Kullum ka buga df sau biyu, df -h da df -i. Na biyun inod yake ƙirgawa. Ka ɗauka magaza ce da kaye na rajista, kowane kaya ya shigo komi ƙanƙantarshi sai ya ci layi guda cikin kayen, in layukan sun ƙare ko rabin magazar wayam take ba a karɓar ko ƙwayar ashana. ext4 na yanke yawan inod tun ranar da anka formate, galibi guda ga kowane 16 KB na wuri, to in wani abu na haihuwar ƙananan fishiyoyi miliyoyi sai inod su ƙare df -h na nuna maka rabi, saƙon kuma iri ɗaya ne sak, "No space left on device". Inda na hi iske su: /var/lib/php/sessions in mai share tsohin sesiyon ya daina aiki, da /var/spool/postfix/maildrop in cron, mai buga ayyuka bisa lokaci, na ta aika wasiƙun da babu mai karɓa, da dosiyen kash na lojisiyel. du --inodes -x -d 2 /var zai nuna maka inda sunka taru. In ka je sharewa rm * zai ce "Argument list too long", ka yi amhwani da find sunan dosiyen -type f -mtime +7 -delete, amma ka buga shi ba -delete tukuna ka ga abin da zai kama.

In wuri ne na gaske ya cika, ka bi shi daga sama:

du -xh -d 1 / | sort -h

x ɗin na hana shi ƙetarawa wasu diskoki. Wanda ya hi girma ka shiga ka sake, har ka kai ga mai laihin. Tunda MySQL gare ka ina da zato mai ƙarhi: daga MySQL 8.0, wanda ke zuwa da Ubuntu tun 20.04, binlog, wato rajistar duk canjin da anka yi cikin baz, a kunne yake tun asali kuma kwana 30 yake aje su, za ka gan su cikin /var/lib/mysql, binlog.000001 da ƙannenshi, wani lokaci sun hi baz ɗin kanta girma nesa. Kar ka sa musu rm. Ka shiga mysql ka ce PURGE BINARY LOGS BEFORE DATE_SUB(NOW(), INTERVAL 3 DAY). Sannan ka rage binlog_expire_logs_seconds. Amma ka jira sai ka tabbata baz ɗin lahiya lau, don binlog ɗin nan na iya zama abin da za a maido da cinikin kwanakin ƙarshe da shi. Kuma cikin wanga dosiyen duk abin da ka ga sunanshi ya hwara da ib, su ibdata1 da ib_logfile, ko dosiyen #innodb_redo a sababbin bersiyon, ko da ka ga log a sunan ba log ɗin karatu ba ne, ran baz ɗin ne. Haka pg_wal yake ga masu PostgreSQL. Sauran wuraren masu sauƙi ne: journalctl --vacuum-size=500M, apt clean, apt autoremove don tsohin kernel da ke cika /boot, in akwai Docker kuma docker system df.

Akwai wata da ke wahal da mutane sosai a irin wurarenmu, ina so ka duba ta ko da ka samu wani dalilin. Ana sa diskin USB na sobgad a monte shi kan misali /mnt/sobgad, cron na zuba kohi can kowane dare. Ran da wuta ta tahi ta komo diskin bai monte ba, ko wani ya cire shi ya sa cajin waya, dosiyen /mnt/sobgad na nan dai, cron bai san komi ba sai ya ci gaba da zubawa, amma yanzu cikin tushen sarber ɗin yake zubawa. Ran da anka sake monte diskin sai ya ruhe abin da ke ƙarƙashi, du ba ya ganinshi, df kuwa na ƙirga shi. In ka ga lissahin du da na df sun yi nisa da juna kuma lsof bai nuna komi ba, ka yi mkdir /tmp/duba, mount --bind / /tmp/duba, sannan du -sh /tmp/duba/mnt/* za ka ga abin da ya ɓuya. Maganinta layi guda ne a saman skript ɗin, mountpoint -q /mnt/sobgad || exit 1, in diskin ba ya nan shi hwasa. Abin takaicin ma a nan shi ne duk tsawon lokacin ana zaton akwai sobgad a waje alhali kan diskin da ke ciwo take.

Ka buga vgs ma ka duba VFree. Enstalasiyon Ubuntu Server in an bar shi da zaɓinshi ba ya ba tushen diskin duka, diski mai tera guda 100 GB kaɗai yake yanka mishi sauran na zaune banza cikin LVM, da yawa ba su sani ba har su je sayen sabon diski. In haka ne naka, bayan an tabbata diskin lahiya kuma fsck ya hito tsab, lvextend -r -l +100%FREE /dev/ubuntu-vg/ubuntu-lv ya isa, ba sai an kashe mashin ba. Ni dai nakan ƙara abin da ake bukata in bar saura don ranar matsuwa. Kashi 5 cikin 100 da ext4 ke ɓoye ma root kuwa, wanda ke sa df ya ce 100% alhali in ka haɗa lambobin ba su cika ba, za ka ji ana cewa a maida shi sihiri da tune2fs -m 0. A kan diskin ajiyar kaya kaɗai babu laihi a rage shi zuwa 1, amma a tushe ka bar shi, shi ne ke ba ka damar shiga ka yi gyara ranar da komi ya cushe.

In smartctl ya ce diski lahiya, ka gyara, bayan ƴan kwanaki lalacewar ta komo ba tare da an ɗauke wuta ba, ka bar memtest86+ ya kwana shina gudu, ram mai ciwo na ɓata bayanai tun kahin su kai diski. Ka duba bwat ɗin alimantasiyon ma, wutarmu ba ɗaukewa kaɗai take ba, hawa da sauka take yi, musamman lokacin da ake juyawa zuwa gurup.

Ondiler ɗin da bai riƙe ba kusan tabbas batir ne, zahin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40 na cin batir ɗin nan da wuri ƙwarai, kuma ba ya nuna alama sai ranar bukata. Ka canza shi, ka riƙa gwada shi lokaci lokaci da wata kwamfuta marar muhimmanci. Amma ko sabo ne mintoci kaɗai yake badawa, aikinshi na gaskiya shi ba sarber lokacin kashe kanshi cikin tsari, kuma hakan ba ya yiwuwa sai an haɗa wayar USB ɗinshi da sarber an sa lojisiyel ɗin nut, ko apcupsd in na APC ne, a ce mishi in batir ya yi ƙasa ka kashe. Da yawa na gani wayar na cikin kwali ba a taɓa kwance ta ba. Ka ɗaga mashin ɗin daga ƙasa, lokacin hunturu ka buɗe ka hure shi don ƙurar na toshe iska, layi na 194 a smartctl na nuna zahin diskin, in kana ganin shina zama sama da 50 ka nema mishi iska. Ka kunna smartd, ka sa ƙaramin skript da zai sanar da kai in df ya kai 85%, kuma mysqldump na kowane dare ya riƙa hita daga ɗakin nan, ko zuwa wata kwamfuta ko diskin da maigida ke tahiya da shi gida, a kuma gwada zuba shi a wani mashin a ga da gaske shina buɗewa.

Yanzu dai ka turo mini abin da lsblk ɗin nan ya nuna, da smartctl -a dukanshi, da layuka talatin na hwarkon e2fsck -fn in smartctl bai nuna ciwo ba, hoton ekaran da waya ma ya isa in dai ana iya karantawa. Ka hwaɗa mini kuma sunan log ɗin da ka goge in kana tune, da ranar sobgad ɗin ƙarshe da kake da tabbacin tana wani wuri ba kan diskin nan ba. Daga nan sai mu ga ko ddrescue za ka hwara ko gyara. Allah shi sa a dace.